Ƙafar da Yayana Ya Ɓoye

Ƙafata ta hagu ta fi ta dama kauri, kuma ta fi ta baƙi. Duk takalmin da na saya, ƙafa guda tana iyo a ciki, guda tana kuka. Dukawan kasuwar Sabon Birni sun san ni. Da sun hango ni tafe sai kowa ya duƙar da kai bisa aikinsa. Ni ban yi boko ba in ban da ajin yaƙi da jahilci da na shiga da furfura a gemu, shi ma ban kai ƙarshe ba. Saboda haka wanda ya ga rubutun ga ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake tafiya.

Abin ya same ni cikin shekarun fari, ina saurayi ban yi aure ba, a ƙauyenmu kusa da Tsamaye. Shekarar gero ya fito har ya kai gwiwa, sa'an nan ya ƙone a tsaye. Gulbi ya zama rairayi. Shanun Fulani sunka riƙa faɗuwa bakin hanya, cikinsu ya kumbura ya fashe, ungulaye sunka ci har sunka kasa tashi, sai dai su riƙa tafiya a ƙasa kamar agwagi. Wari ya shiga ko'ina. Yana cikin ruwan rijiya, yana cikin riga, in ka yi hamma yana cikin bakinka. Har yau in na ji warin mushe, shekarar ce gaba ɗaya ke dawo mani a maƙogwaro.

Babanmu ya riga ya rasu, gida yana hannun yayana. Yaya mutum ne dogo, mai tsabta, mai son a ce. Gidanmu tun kakanni an san shi da hatsi, ana cewa ba wanda ya taɓa ganin ƙasan rumbunmu. To, shekarar nan mun ga ƙasan, har mun share shi da tsintsiya mun dafa abin da munka sharo. Amma Yaya ya sake yaɓe bakin rumbun da sabuwar laka, ya ɗora mashi sabon jinka, don mai wucewa ya ga kamar da abin tsaro a ciki. Ya ba matarsa doka: lokacin daka ya yi, ta zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta luguden banza, maƙwabta su ji. Lokacin tuwo ya yi, ta hura wuta ta ɗora ruwa zalla, hayaƙi ya tashi. Shi kuwa sai ya fita majalisa da tsinke a baki shina sakace, shina gyatsar ƙarya. Abin da ke cikin cikin nasa anza ce, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su ciwu, sai dusar da a da ko jakinmu sai ya yi yanga yake cin ta.

Ni lokacin na tafi cin rani Kurmi, can kudu, ina dako. Da labarin gida ya ishe ni na ɗauro ɗan buhun garin kwaki na hau babbar mota. Wanda bai hau motar wancan zamani ba kada ya ce mani ya san wahala. An cika ta da buhuna, an zuba mu a bisa kamar kaji. Gwiwoyina suna taɓa haɓata. Wani ƙato ya mai da ƙafata ta hagu matashin kai, in na motsa ya yi mani harara. Direba ba ya tsayawa sai motar ta ga dama ta lalace. Mai jin fitsari sai ya yi a gwangwani ya watsa waje, iska ta dawo da rabi a fuskokinmu. Da na sha wannan feshi sau ɗaya sai na yi dabara irin ta masu wayo: na daina shan ruwa, don kada ni ma in shiga layin gwangwani. Kwana da kwanaki ina naɗe wuri guda, maƙogwaro a bushe, ina yaba wa kaina hankali. Da munka sauka sai da anka miƙe ni kamar tsohuwar tabarma.

Garin kwakin bai daɗe ba. Da shi ya ƙare, ciwon ya fara. Tsokar sha-raɓata ta hagu, nan bayan ƙwauri, ta ɗaure kamar wanda ya yini noma, alhali ba noman da anka yi. Na ce gajiyar mota ce. Ta ƙi saki. In na taka ƙasa sai in ji kamar ana jan wata igiya daga diddige zuwa bayan gwiwa. Sa'an nan ta fara kumburi. Fatar ta miƙe tana sheƙi, ta ƙara duhu, jijiyoyi sunka fito raɗa-raɗa, in ka ɗora hannu zafi kamar gefen murhu. Ta dama kuwa tana nan abinta, siririya kamar taɓaryar yara.

Sai mai karatu ya san abin da kumburin ƙafa yake nufi a garinmu shekarar nan. Ba a kallon fuskar mutum, ƙafarsa ake kallo. Wanda yunwa ta ci ta cinye, ƙafafunsa ke fara kumbura. In anka ce gidan wane an fara kumburi, to an gama da gidan. Asiri ya tonu, mai gida ya kasa, ba mai ba ɗansa mata, ba mai sauraron maganarsa a majalisa. Mutane sun gwammace a ce an yi mutuwa a gidansu.

Wata safiya ina alwala a tsakar gida, na naɗe wando, Yaya ya fito ya gani. Butar hannunsa ta faɗi.

"Kai, mi ne ne wanga?"

"Ƙafa ce, Yaya."

"Na san ƙafa ce, ɗan banza! Wa ya gan ta?"

"Ni da kai, sai Allah."

"Ka kashe ni," in ji shi. "Ka tafi Kurmi ka dawo ka kashe ni."

Bai tambaye ni ko tana ciwo ba. Ya kama ni ya kai ni ɗakin baya, inda a da awaki ke kwana kafin su mutu. Kashinsu na nan a ƙasa, warin bunsuru ya kama bango, ƙuma kuwa sun daɗe ba su ga jini ba, sunka yi mani maraba ta sarauta. Ya ce kada in fito, kada in leƙa, ko masallaci ban da ni. A waje ya ce wa mutane na koma cin rani. Haka na kwanta ina jin abokaina suna wucewa ta bayan katanga suna zagina, wai na tafi ba sallama.

Da kumburin ya haura gwiwa, Yaya ya kira wanzamin gidanmu, tsohon da ya yi mani tsagar Gobirci da kaciya. Ya shigo da shi ta baya, ya sa shi ya rantse ba za shi faɗa ba. Tsoho ya tsuguna, ya shafa ƙafar, ya girgiza kai.

"Mataccen jini ne. Yanzu za ni fitar da shi."

A nan kam ya kusa gaskiya, Allah ya jiƙansa. Sai dai hanyar da ya bi. Ya fara da tausa, wai ya tattaro jinin wuri guda. Ya sa gindin tafin hannu ya riƙa murza tsokar daga ƙasa zuwa bisa da iyakar ƙarfinsa. Na buɗe baki za ni yi ihu, Yaya ya cusa mani hularsa. Hular da bai wanke ba tun da ruwa ya yi wuya. Har yau ina iya tuna ɗanɗanonta.

Sa'an nan wanzami ya zazzage zabira. Ya tofa wa aska yawu ya goge a cinya. Ya kafa ƙaho, ya zuƙa da baki har kumatunsa sunka lotsa, ya cire, ya tsattsaga wurin, ya mayar ya sake zuƙa. Ƙudaje sunka bar mushen gari sunka taho biki. Da ya ɓalle ƙahon ya juye shi a sakaina, sai ga wani abu baƙi ya faɗo yana rawa kamar ɗanyar hanta.

"Ka gani?" in ji shi, shina kai mani sakainar har hanci. "Ga ciwon naka. An gama."

Yaya ya yi murmushi. Wanzami ya ajiye sakainar a bakin ƙofa ya je wanke hannu. Kaza guda ta rage mana a gidan, tsohuwa, wuyanta duk ya tuje. Ina kallo ta zo ta tsattsage jinin nan tas, ta goge baki a ƙasa. Washegari Yaya ya yanka ta, wai a mayar mani da jinin da na zubar. Na san abin da ta ci. Na rantse ba ni taɓa ta. Da anka kawo romon na shanye, na tauna ƙashi, na lashe kwano.

Ƙafa kuwa ba ta san an gama ba. Ta ƙara kumbura, ga kuma tsagar aska ta fara ruwa.

Mai kawo mani abinci matar Yaya ce. 'Yar Turba ce, gajeruwa, mai kaifin baki. Tsakanina da ita wasa ne irin na ƙanen miji da matar wa, tun ranar da anka kawo ta ba mu taɓa yin magana ta hankali ba. Tana kirana Alhajin Kurmi, ni ina kiranta mai luguden iska.

Ran nan ta shigo da anza a ƙwarya, ta toshe hanci.

"Alhajin Kurmi, ɗakin ga lokacin da awaki ke ciki ya fi ƙamshi."

"Ki kawo mani abin da kika daka tun safe mana. Na ji luguden har nan, na ce yau da waina za mu kwana."

"Za ka ci wainar gidanku. Buɗe in gani."

"Ke wanzamiya ce?"

"Buɗe, ko in zauna bisa kai."

Na yaye zane. Ta ajiye ƙwaryar. Ta ɗora bayan hannu a ta hagu, ta ɗora a ta dama, ta sake komawa ta hagu. Ta ɗan matsa tsokar, na zabura na zage ta. Ba ta rama ba. Nan na san ba lafiya, don matar nan ba ta taɓa barin zagi ya kwana a hannunta ba.

"Wannan ba yunwa ba ce," in ji ta.

"Yaya ya ce ita ce."

"Yayanka ya san kumburin yunwa? Ko tsakar gida ba shi kallo." Ta leƙa ƙofa, sa'an nan ta ɗage zanenta zuwa ƙwauri. "Ga ta yunwa nan. Dubi."

Ƙafafunta duka biyu sun kumbura sumul, idon sawu ya ɓace. Ashe shi ya sa ta koma ɗaura zane har ƙasa yana jan ƙura, ni ina yi mata tsiya wai ta zama matar alkali. Ta danna yatsa a ƙwaurinta, ta ɗauke, ramin ya zauna bai taso ba.

"Taɓa ka ji. Sanyi ƙalau. Ba ciwo, nauyi ne kawai. Kuma biyu ne, don tare suke jin yunwar. Kai taka guda ce, ga zafi, ga ciwo. Ko ƙafarka ta dama wani gida take cin tuwo?"

Na so in yi dariya, fuskarta ta hana ni. Ta ce ta taɓa ganin irin wagga ƙafa. Yayarta a Turba, tana jego, ta daɗe kwance bayan haihuwa mai wuya. Ƙafa guda ta kumbura ta yi zafi, tsofaffi sunka ce sanyin jego ne, sunka yi ta gasa ta da ruwan zafi suna tausa. Wata rana da hantsi tana zaune tana ba ɗiya nono, tana magana, sai ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ba ya isa. Kafin a kawo ruwa ta tafi.

"Ina riƙe da ƙwaryar ruwan," in ji matar Yaya. "Ba na son in sake riƙe wata."

Ta je ta sami mijinta. Ina jiyo su ta bango.

"Malam, a kai yaron ga asibiti."

"A bi da shi ta ina? Ta sama?"

"Ta ƙofa, yadda ake fita da mutane."

"Gari ya gan shi da ƙafa kamar turmi? Ki bari ta sace tukuna."

"In ba ta sace ba fa?"

"Ke likita ce? Tafi ki yi daka, lokaci ya yi."

Ta tafi ta yi dakan. Ban taɓa jin an daki ƙaiƙayi da fushi irin na ran nan ba.

Washegari da safe na miƙe za ni zaga bayan ɗaki. Taku kaɗan na yi, sai na ji kamar an soka mani mashi a haƙarƙarin dama. Na ja numfashi, mashin ya ƙara shiga. Na sake ja, iskar ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi sauka. Zuciyata ta kama bugu kamar kalangun mahauta, gumi ya keto, bango ya fara juyawa. Na durƙusa cikin kashin awaki ina haki kamar kare a rana. Tari ya zo, na tofar, ga zaren jini a cikin majinar.

Matar Yaya ce ta fara isowa. Ta dubi majinar, ta dube ni. Ta fita tsakar gida, ta naɗe zanenta har gwiwa ta soke, ta tsaya gaban mijinta da ƙafafunta a waje. Ina hangen su ta ƙofa. Yaya ya dubi ƙafafun matar da yake kwana ɗaki guda da ita kamar yau ya fara ganinsu. Wataƙila yau ɗin ne.

"Malam, zaɓi guda. Ko ka fitar da ƙafar ƙanenka yanzu, ko ni in fitar da nawa. Bakin rijiya za ni, mata sun taru. Za ni zauna bisa bakin rijiyar in miƙe su, kowa ta zo ta danna."

"Kin haukace?"

"Tun tuni. Mai hankali ke dakan iska?"

Ta nufi ƙofa. Sai da ta kai zaure ya kira ta da wata murya da ban san shi da ita ba.

Akwai amalanke a gidan maƙwabcinmu, shanun da ke jan ta sun mutu. Yaya ya je ya aro, ya shiga gurbin shanun da kansa. Anka kwantar da ni, ya lulluɓe ƙafar da bargo. Zafin rana da na bargo da na ƙafar sunka haɗu, na sa ta dama na shure shi. Ya mayar, na shure. Muna isa majalisa bargon na ƙasa, ƙafar na sama tana sheƙi, ƙudaje na bin tsagar wanzami.

Dattawa na zaune a gindin itacen bedi. Mutumin da anka ce yana Kurmi ga shi kwance a amalanke. Yaya ya tsaya, gumi na zuba. Ba wanda ya tambaye shi komai, amma ya ɗaga murya:

"Guda ce! Ku duba da kyau, ƙafa guda ce! Ga ɗayar nan lafiya lau!"

Har ya kama ta daman ya ɗaga masu, ni ina neman numfashi. Na jira dariya, ba ta zo ba. Ko a halin da nake ciki na lura da abu guda: duk wanda ke zaune wurin ya ja riga ya rufe ƙafafunsa, har da masu zama a tabarma da ba su saba ba. Wani ya ce Allah ya sawwaƙe. Biyu sunka tashi sunka kama turin amalanken, suna tafiya a hankali kamar masu taka ƙaya.

A Sabon Birni malamin asibiti ya duba ƙafar, ya sa abin sauraro a ƙirjina, ya ce wannan ya fi ƙarfin wurinsu. A wuce Sakkwato yau, kada in taka ƙasa, kada kowa ya sake murza ƙafar. Motar da ta rage a tasha ta fatu ce. Shekarar nan ba abin da ƙasarmu ke fitarwa sai fatun dabbobin da sunka mutu. A bisansu anka shimfiɗe ni, wasu ba su gama bushewa ba, tsutsa na fita daga ƙarƙashi tana hawa wuyana. Mota ta sa mani ciwon, mota ta kai ni magani, kuma ban san wadda ta fi wata ƙazanta ba. Yaya ya zauna kusa da kaina shina kore mani ƙuda da hular nan.

A babban asibiti likitan da ya karɓe ni Bayarabe ne, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Ya dubi tsagar fuskata ya yi dariya, don tsakanin Gobirawa da Yarbawa wasa ne tun na kakanni.

"A'a, Bagobiri! Wa ya kama mani bawana ya yi mashi haka?"

Ina haki na ce, "Likita, in na warke za ka san waye bawan wani."

"To warke tukuna." Ya ga tsagar aska, fara'ar ta ɗauke. "Wa ya yi wannan?"

Yaya ya ce wanzami ne, kuma ya fitar da mataccen jini guda guda, da idonsa ya gani.

"Malam, in ka yanka akuya mai lafiya ka tara jininta a kwano, mi yake zama?"

"Ya daskare."

"To haka na ƙaho. Kowane jini in ya fito waje daskarewa yake. Wanda ke damun ƙanenka yana can ciki, cikin babbar jijiya a tsakiyar tsoka, inda ƙaho ba ya kaiwa. Ya daɗe zaune a naɗe, bai sha ruwa ba, jinin ya yi kauri ya tsaya ya zama guda, ya toshe hanya. Shi ya sa ƙafa guda ta kumbura. Kunka kwantar da shi, kunka murza. Wani yanki ya ɓalle, jini ya ɗauke shi ya kai huhu. Shi ne sukar da yake ji, shi ne hakin. Ƙarami ne ya tafi. Da babba ne, da ba ni kunka kawo wa shi ba."

Anka sa mani allura a hannu da robar ruwa a rataye, maganin da ke hana jini ƙara daskarewa. Ina kwance ina kallon Yaya, na ga bakinsa na motsi, na ce yanzu za shi tambaya ko za ni rayu. Ya matsa kusa da likita, ya rage murya.

"Likita, ke nan ba yunwa ba ce?"

Likita ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ba yunwa ce ta kumbura ƙafar ba. Amma yunwa na nan, a jikinsa da naka. Ina ganin haƙarƙarinka ta cikin riga."

Rabin farko kawai Yaya ya ji. Ya ɗaga hannuwa sama a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ya ce, "Alhamdu lillahi! Gudan jini ne!" Fuskarsa ta washe kamar an yi mashi albishir da ɗa namiji. Na ci kazar da ta ci jinina, na tauna hula, na kwanta kan tsutsa, duk cikina bai juya ba sai a wannan godiya. Na juya na yi amai a tasar da ke gefen gado.

Na daɗe a asibitin. Numfashi ya dawo a hankali, sukar ta lafa, anka mai da ni kan ƙwayoyi na watanni, ana ɗibar jinina ana dubawa. Ƙafar ta sace amma ba ta koma daidai ba, likita ya ce an makara da ita. Ranar sallama ya ce in je in yi noma, bayi ba su zama banza. Na ce Allah ya 'yanta shi.

Tun daga nan na zama mai kallon ƙafafun mutane, sana'ar da ba ta da riba. In ina zaune tasha na ga direban doguwar tafiya ko ɗan kabu-kabu yana ɗingishi yana murza sha-raɓa, sai in ce ya naɗe wando duka biyu. In guda ta fi guda, tana zafi, tana ciwo, ta sauya launi, in ce ya ɗauke hannunsa daga kanta ya tafi asibiti yau. Haka mai jego, haka wanda ciwo ya daɗe da kwantarwa. In kuwa haki ya zo ba gudu ba aiki, da suka a ƙirji in an ja numfashi, ko tari da jini, to ko sallama kada a tsaya yi. Wasu su ji, wasu su ce tsoho ya fara ruɗewa. Sai in naɗe nawa wandon, nan gardama ke ƙarewa.

Da na dawo gida na tarar turmi a kife a gefen katanga. Matar Yaya ta daina dakan iska tun ranar da anka fita da ni. Da safe take fita ta ƙofar gida da ƙwarya a kai, tare da matan unguwa, su tafi ɗibar anza, ba mai ɓoye wa wata. Da anka kawo hatsin agaji ta shiga layi da rana tsaka. Yaya ya yi kamar bai gani ba, amma ya ci tuwon. Ƙafafunta ba su sace ba sai bayan da ruwa ya dawo anka ci sabon gero.

Shi kuwa ya ɗauke ni ya riƙa zagayawa da ni gida gida kamar ragon layya, shina nuna ƙafar, shina maimaita maganar likita, rabin da ya ji. Har ya tsufa, in hira ta kai kan shekarun fari, sai ya gyara zama ya ce kowane gida a garin ga an yi kumburi ban da namu, namu gudan jini ne, likita ya faɗa. In ya faɗi haka a tsakar gida, matarsa ta dubi ƙafafunta, ni in dubi tawa.

Sai ta ce, "Alhajin Kurmi, miƙo mani tsintsiya in share zancen yayanka."